Tambaya da Amsa: Ko ƙarin ruwan ketamin zai magance damuwar yayata?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina rubuto maka daga Daura a kan yayata mai shekara 46, wadda ta shiga ciwon damuwa tun rasuwar maigidanta shekara uku da suka wuce. Ba ta barci, ba ta cin abinci sosai, ta kuma daina zuwa biki da suna. Ta sha amitiriftilin na miligiram 25 na wasu watanni, daga baya aka ba ta fulokzetin, ta sha mako biyu ta ajiye. Tana da ciwon suga, kuma tafin ƙafafunta na yi mata zafi kamar ta taka garwashi. Na ji ana cewa ketamin ta hanyar ƙarin ruwa yana magance damuwa da irin wannan ciwo a lokaci guda, har wani ma'aikacin jinya a unguwarmu ya ce zai iya sa mata a gida. Me kake ba mu shawara?

Amsa: Malam, Allah ya ji ƙan mamacin, ya ba Hajiya lafiya, ya kuma saka maka da wannan kulawa. Zan fara da abin da ya fi gaggawa: kada ku yarda a sa mata wannan magani a gida, ko da mai sawan ƙwararre ne kuma da kyakkyawar niyya ya zo.

Abin da ka ji yana da tushe. Ketamin tsohon maganin sa barci ne don tiyata, wanda Calvin Stevens ya haɗa a Amurka a 1962, aka amince da shi a can a 1970. Asibitocinmu, musamman na karkara, sun daɗe suna dogaro da shi, domin ba ya danne numfashi kamar sauran magungunan sa barci, shi ya sa ma'aikacin jinyar ya san shi. Amfaninsa ga damuwa kuwa ya fito fili ne a shekarar 2000, lokacin da masu bincike a Jami'ar Yel da ke Amurka suka gwada ɗan kaɗan daga cikinsa a kan wasu 'yan tsirarun majinyata, suka ga sauƙi ya zo cikin sa'o'i. A 2006 wani gwaji a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka ya tabbatar da haka a kan waɗanda sauran magunguna suka gaza musu. Wannan ya girgiza likitocin fanninmu na ƙwaƙwalwa, domin magungunan da muka saba da su suna bi ne ta sinadarin serotonin da danginsa, kuma sai an yi makonni kafin a ga aikinsu, shi kuwa ketamin yana toshe wata kafa ta sinadarin gulutamet da ake kira NMDA, abin da ake ganin yana taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su sake ƙulla mahaɗar da doguwar damuwa ta raunana. A 2019 aka amince a Amurka da wani ɗan'uwansa da ake fesawa a hanci, mai suna Spravato, bisa sharaɗin a yi shi a asibiti a kuma tsare majinyaci aƙalla sa'a biyu.

Ga yadda ake yin na ƙarin ruwan. Ana auna rabin miligiram ga kowane kilo na nauyin mutum, a bar shi ya shiga jijiya a hankali cikin minti 40. Idan Hajiya tana da kilo 60, rabonta miligiram 30 ne, wanda bai kai mililita ɗaya ba daga kwalbar da aka fi samu, mai miligiram 50 a kowace mililita. Ninki biyu zuwa huɗu na wannan, idan aka tura shi lokaci guda, shi ne ake kwantar da mutum da shi a yi masa aiki. Ka ga ke nan tazarar da ke tsakanin magani da haɗari ba ta da faɗi. A lokacin da ruwan ke shiga, jini yakan hau, zuciya ta ƙara bugu, wani ya yi amai, da yawa kuma su ji kamar sun rabu da jikinsu ko su ga abin da babu shi. Dole ne a sami mai auna jini da iskar da ke cikinsa a kai a kai, da iskar oksijin a kusa, da likitan da ya san abin yi idan numfashi ya sarƙe. Mace mai ciwon suga a wannan shekaru sau da yawa tana da hawan jini ba ta sani ba, kuma hawan jinin da ba a shawo kansa ba yana cikin manyan dalilan da ke hana mu ba da ketamin, tare da juna biyu, ciwon hanta, tarihin shaye-shaye, da taɓin hankali mai sa jin muryoyi.

Akwai kuma abin da masu tallarsa ba su cika faɗa ba, wato sauƙin ba ya daɗewa. Ƙarin ruwa guda yakan yi tasiri na 'yan kwanaki zuwa mako ɗaya ko biyu, shi ya sa akan yi sau shida cikin mako biyu zuwa uku, kuma ko bayan haka damuwar takan dawo wa mutane da yawa idan babu wani magani da ke riƙe da su. Wasu ma ba ya yi musu aiki sam. Yawan amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba yana sa jiki ya saba, yana kuma lalata mafitsara har mutum ya riƙa fitsari da jini.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarka shi ne, ban ga alamar cewa magunguna sun gaza wa Hajiya ba tukuna. Muna cewa damuwa ta gagari magani ne idan an sha iri biyu daban-daban, kowanne a cikakken ma'auni, na mako shida ko fiye, ba a ga sauƙi ba. Amitiriftilin na miligiram 25 ma'aunin barci ne da rage zafin jijiya, na damuwa yakan fara ne daga 75 zuwa sama. Fulokzetin kuma ba a yanke masa hukunci a mako biyu, domin a lokacin ne laulayinsa ya fi fitowa, amfaninsa bai iso ba. Na sha ganin iyalai sun fid da rai a kan maganin da ba a ba shi damar aiki ba, kuma abin yana ba ni takaici ƙwarai, domin shekarun da ake asara ba sa dawowa.

Game da ƙafafun, wannan zafi alama ce ta jijiyoyin da suga ya taɓa. Hujjar amfanin ketamin a nan ba ta da ƙarfi. Inda ya fi samun karɓuwa shi ne wani matsanancin ciwon gaɓa da kan biyo bayan rauni, da kuma tashin ciwon sikila a gadon asibiti idan magungunan kashe zafi masu ƙarfi sun kasa, wanda ƙungiyar likitocin jini ta Amurka ta sa cikin shawarwarinta na 2020. Ga Hajiya, daidaita suga shi ne farko. Akwai kuma duloksetin, wanda ake bayarwa don damuwa da zafin jijiyar masu suga a lokaci guda, kuma ya dace ku tambayi likitanta ko zai karɓe ta.

Ku kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Ku tafi da kwalayen duk magungunan da ta taɓa sha, har da na gargajiya, ku nemi a auna jininta da suga da aikin ƙoda da hanta da ƙullin wuya da kan kumbura ya zama maƙoƙo, domin raunin wannan ƙullin yana kawo kasala mai kama da damuwa. Ku nemi a haɗa mata da zaman tattaunawa da masanin halayya, tunda rashin miji ne mafarin abin, kuma addu'a da ziyarar 'yan'uwa su ci gaba tare da magani. Idan an bi duk wannan ba a dace ba, likitan ne zai duba ko ketamin ya cancanta, tare da likitan sa barci, a cikin asibiti.

Kafin ranar tafiya, ka zauna da ita ka tambaye ta a fili, cikin taushin murya, ko tana tunanin raba kanta da duniya, domin tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Idan ta amsa da e, ko ta fara rabon kayanta tana neman gafara ba dalili, ku kawar da fiya-fiya da shinkafar ɓera da ragowar amitiriftilin daga inda hannunta zai kai, kada a bar ta ita kaɗai, ku kai ta sashen gaggawa a ranar.