Goyon bakwaini a ƙirji: amsar Goggo

'Yata, barka da sauka lafiya. Allah Ya raya mana shi, Ya sa mai albarka ne.

Saƙonki ya iso. Kin ce yaron bakwaini ne, nauyinsa bai kai kilo biyu ba, malaman asibiti sun ce ki riƙa ɗaure shi a ƙirjinki, fatarsa na taɓa taki, sun kuma hana wanka a ranar farko. Uwar mijinki ta ce ba haka aka gada ba, goyo a baya ake yi, kuma ba a nuna jariri ga 'yan barka sai an wanke shi tas. Kina tsoron kada a ce kin raina al'ada.

Ki kwantar da hankalinki. Iyayenmu ma sun san sanyi ne babban maƙiyin bakwaini. Muna yara, nannaɗe shi ake yi da auduga, a rufe ɗaki ruf, a ajiye kaskon garwashi, har hayaƙi ya sa mai jego hawaye. Ɗumi suke nema, sun kuwa yi gaskiya. Sai dai ɗumin jikin uwa ya fi na garwashi, ba ya ƙona yaro, ba ya shaƙe shi, ga nono kusa da bakinsa.

Wannan ɗaurin ƙirji ba jiya aka fara shi ba. A 1978 wani likita, Edgar Rey, ya ɓullo da shi a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, saboda kwalaben jarirai ba sa isa a asibitinsu. Da, sai yaro ya ɗan murmure a kwalba ake miƙa wa uwa shi. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranci bincike kan jarirai fiye da 3,000 masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8, a Indiya, Malawi, Tanzaniya, Gana da Najeriya. Namu a Ile-Ife aka yi, na Gana a Kumasi. Da sakamako ya fito a 2021, cikin waɗanda aka ɗora a ƙirji tun daga haihuwa 12 cikin 100 ne suka rasu a watan farko, waɗanda aka jira da su kuwa kusan 16. Tun kafin wa'adi aka tsayar da binciken, don bai dace a ci gaba da hana sauran abin da ya tabbata yana ceton rai ba. A 2022 hukumar ta ce a fara nan take, awa 8 zuwa 24 a rana.

Ki sa masa kunzugu da hula da safa kawai, ki tsayar da shi tsakanin nonuwanki, kansa a juye gefe don hanci ya samu iska, ki ɗaure da zani da kyau, ki ɗora riga mai faɗi. Goyon baya na nan zuwa, idan wuyansa ya yi ƙwari.

Wanka kuwa ba gudu zai yi ba. Farin maiƙon nan da ke jikinsa kariya ne, ba dauɗa ba. Cibiya ma kada a gasa ta, kada a shafa toka ko man goge baki. Maganin da asibiti suka ba ki shi kaɗai za ki sa, kuma kada ya kusanci idonsa. Wanzami ya zo ya ci tuwon suna, amma ban yarda ya taɓa belin yaron nan ba.

Ita kuma uwar mijinki, kada ki ja da ita, ba tarbiyyar gidanmu ba ce. A binciken nan ma, idan uwa ba ta da ƙarfi, wata 'yar uwa ce ke karɓar ɗaurin. To ki ce mata, "Inna, bayana ya gaji, ki taimake ni ki ɗaure jikanki in ɗan runtsa." Ki roƙi malamar asibiti ta nuna mata yadda ake yi da hannunta, don daga bakin malama zai fi shigarta. Shi ma maigidan naki ya karɓa in ya dawo da yamma, kada kunya ta hana shi.

Ki gaishe min da Inna. In Allah Ya yarda ina tafe kafin suna.

Goggonki