Tambaya da Amsa: Barkwancin Turawan Ingila mai cin fuska, abin dariya ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makarantar sakandare ne, ina zaune a unguwar Jekadafari a Gombe. Ƙanena da ya yi karatu a Ingila ya dawo mana da kallon wasannin barkwanci na talabijin ɗin can, waɗanda da yawansu ba su da aiki sai kwaikwayon maganar baƙi, da yi wa naƙasassu da masu ƙiba ba'a, har da shafa baƙin fenti a fuska domin a fito a matsayin baƙar fata. Shi yana dariya har da hawaye, ni kuwa raina ɓaci yake yi. Da na yi magana sai ya ce ai mu Fulani ma muna tsokanar Barebari, kuma ba wanda ya taɓa kai ƙara. Shin wannan abin dariya ne da gaske, ko ni ne na cika tsanani?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ba ka cika tsanani ba, kuma ƙanenka ma ba dariyar ƙarya yake yi ba. Wasu daga cikin waɗannan wasannin an tsara su da gwaninta ƙwarai, ta fuskar iya zaɓen lokacin jefa magana da iya sarrafa fuska da murya, kuma mutum yakan tsinci kansa yana dariya tun kafin hankalinsa ya gama auna abin da ya ji. Sai dai fitowar dariya ba ta wanke magana, domin kowa ya san yadda yara kan kwashe da dariya idan tsoho ya zame a taɓo, kuma wannan bai mayar da faɗuwarsa abin nishaɗi ba.

Ya kamata ƙanenka ya sani cewa su kansu Turawan Ingila ba su taɓa zama baki ɗaya a kan wannan batu ba. Gidan BBC ya shafe shekara ashirin, daga 1958 zuwa 1978, yana nuna wani shiri mai suna The Black and White Minstrel Show, inda fararen mawaƙa ke shafe fuskokinsu da baƙi suna rawa da waƙa, kuma miliyoyin mutane suna kallo a matsayin nishaɗin iyali, alhali baƙaƙen fatar da ke zaune a ƙasar suna ta koke tun shekarun 1960. Haka kuma Mind Your Language, wanda manyanmu da yawa suka kalla a talabijin a nan Nijeriya, inda wani malami ke koya wa baƙi Turanci a ajin yamma a Landan, kowane ɗalibi an ɗora masa halin da ake zolayar ƙasarsa da shi, an tsayar da shi a 1979 bayan shekara biyu kacal, saboda Michael Grade, wanda ke shugabantar shirye-shiryen tashar da ta yi shi, ya ga cewa zolayar ta zama cin fuska. Na baya-bayan nan shi ne Little Britain, wanda ya fara a 2003, kuma ina kyautata zaton yana cikin abin da ƙanenka ke kallo, tunda akwai shafa fenti da kwaikwayon naƙasassu a cikinsa. A watan Yunin 2020, bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a Amurka, BBC da Netflix sun sauke shi daga dandalinsu, kuma mutum biyun da suka yi shi, Matt Lucas da David Walliams, suka fito suka nemi afuwa a kan fitowa da suka yi a matsayin mutane masu wani launin fata daban.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wani wasa da BBC ta fara nunawa a tsakiyar shekarun 1960, Till Death Us Do Part. Marubucinsa, Johnny Speight, ya ƙirƙiri wani magidanci mai suna Alf Garnett, jahili mai ƙin baƙi da yawan zage-zage, da niyyar a yi wa jahilcinsa dariya, kuma wanda ya fito a matsayinsa, Warren Mitchell, Bayahude ne da ba ya tare da ko ɗaya daga cikin ra'ayoyin mutumin. Amma da wasan ya shiga gidaje, sai wani kaso na masu kallo suka ɗauki Alf a matsayin gwarzon da ke faɗin abin da ke ransu, har suna tare ɗan wasan a hanya suna yi masa jinjina. Marubuci yana da iko da abin da ya rubuta, amma ba shi da iko da dalilin da zai sa mutum dariya a ɗakinsa, kuma yaron Bapakistane ko Baƙaribiyan da aka jefa da waɗannan kalmomi a makaranta washegari bai amfana da kyakkyawar niyyar marubucin ba.

Yanzu ga hujjar ƙanenka, wadda ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Gaskiya ne muna da wasan Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zagezagi, da na taubasai, da na kaka da jika, kuma a cikinsu akan faɗi maganar da in baƙo ya ji zai zaci faɗa za a yi. Bafulatani zai kira Babarbare bawansa a tsakiyar kasuwar Gombe, Babarbaren ya mayar masa da wadda ta fi ta zafi, a rabu ana tafawa. To amma duba sharuɗɗan da ke riƙe da wannan wasa. Wanda ake tsokana yana nan tsaye a gabanka, yana da bakin ramawa, kuma al'ada ta ba shi cikakken izinin ramawar. Akwai daɗaɗɗiyar zumunta da ta riga tsokanar, shi ya sa abokin wasanka ne kan fara zuwa idan an yi maka rasuwa, kuma shi ne ke zuwa karɓar kuɗin shara a watan cika-ciki. Sannan wasan yana da iyaka da kowa ya sani, domin ba a tsokanar mutum da makantarsa ko da mutuwar ɗansa. Wasan talabijin da ke kwaikwayon baƙon da ya zo ci-rani ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Masu ƙasa ne ke riƙe da kyamara, wanda ake zolaya ba ya wurin, ba shi da tashar da zai rama, kuma ba wata zumunta tsakaninsu da za ta sanyaya maganar.

Ba ina cewa duk barkwancin Ingila mai kaifi haka yake ba. Inda suka fi burge ni shi ne inda suke juya bulalar a kan masu mulki da masu girman kai, har firaminista da gidan sarauta ba su tsira ba, kuma wannan jarumta ce da za mu iya koyi da ita. A wasan Fawlty Towers na ɗan wasan barkwanci John Cleese, wanda kashi goma sha biyu ne kawai aka yi a 1975 da 1979, mafi yawan dariyar a kan mai otal ɗin take, mutum mai raina na ƙasa da fadanci ga na sama, wanda kullum halinsa ke kunyata shi. Ko shi ma an janye kashi ɗaya na ɗan lokaci a 2020 saboda kalaman wariyar launin fata da wani tsohon soja ya furta a ciki, daga baya aka mayar da shi tare da gargaɗi ga masu kallo.

Wannan magana ta shafe mu a gida. A finafinanmu na barkwanci an daɗe ana fito da Bagwari ko Inyamuri ko mai in'ina domin kawai a yi wa harshensa dariya, kuma a jiha irin Gombe, inda Tangale da Waja da Tera da Bolawa da Fulani ke zama aji ɗaya, kai da kake malami ka fi ni sanin yaron da ke daina ɗaga hannu a aji saboda an kwaikwayi Hausarsa. Shawarata ita ce kada ka yi wa ƙanenka faɗa, domin faɗa zai sa ya ƙara riƙe abin. Ka zauna ku kalli kashi ɗaya tare, duk inda ya yi dariya ka tsayar, ka tambaye shi wa aka yi wa dariyar, kuma ko zai iya kunna wannan wurin a gaban mutumin da aka kwaikwaya. Ka kuma tambaye shi, a shekarun da ya yi a Ingila, ko an taɓa kwaikwayon Turancinsa a gaban jama'a, da yadda ya kwana a ranar.