Amsa: zinarin da ke jikin tsofaffin littattafan Turai na gaske ne?

Ɗan uwa kana tambaya ko ƙyalƙyalin nan da ke jikin zayyanar tsofaffin littattafan Turai na rubutun hannu zinari ne ko fenti kawai. Eh, yawanci zinari ne na gaske. Bugunsa ake yi har ya fi takarda sirantaka, sai mai zayyana ya fara shafa wani haɗi na farar ƙasa da gam a kan fatar dabbar da aka yi shafin littafin da ita ya ɗan yi tudu, in ya bushe ya hura masa numfashi ya yi danshi ya manna zinarin, sannan ya goge da haƙorin kare ko dutse mai santsi har ya ɗau ido. Kuma zinarin ake fara sawa kafin sauran launuka, don gugar kar ta ɓata fentin.

Amma fa ba duk ruwan ɗorawa ne zinari ba. Littafin Kells da ke Dublin a Ayilan, na wajen shekarar 800, duk uban adon nan nasa babu zinari ko ɗigo, wani ma'adini ne mai guba suka niƙa ya ba su launin. Ni dai abin da na lura, hoton intanet yaudara gare shi, zinarin sai ya fito kamar ruwan ƙasa, sai a bidiyo in an karkata shafin haske ya bi ta kai za ka gane. In kuma ka ga wuri ya yi baƙi-baƙi to galibi azurfa ce ta dafe.