Amsa ga mai tambaya kan dashen ɓargo ga yaro mai sankarar Burkitt

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce an gano ɗanki mai shekara 6 yana da sankarar Burkitt, wani kuma ya ce muku sai an kai shi Indiya an yi masa dashen ɓargo, har maigida na shirin sayar da gona. Allah Ya ba shi lafiya. Don Allah ku dakata da maganar gonar nan.

Nawa yaron yana shekara 5 kuncinsa ya fara kumbura. Muka ɗauka haƙori ne, muka yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe a gida, nan unguwar Mabera a Sakkwato. Cikin sati biyu haƙoran gefen suka fara girgiɗa, ko kunu sai da cokali nake ba shi. A asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo aka ɗebi tsoka aka gwada. Likita ya ce ciwon na da nasaba da ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda kusan kowa ke ɗauka ta yawu tun yarinta, sai zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa ya buɗe mata ƙofa. Shi ya sa ya fi yawa a yankinmu. A Yuganda ma likita Denis Burkitt ya fara bayyana shi a 1958.

Ciwon yana girma da sauri, amma yana jin magani. Kwana biyar da ruwan kemo na farko, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, na ga kuncin ɗana ya saɓe, har ya tauna ƙosai. Na yi kuka ranar.

Dashen ɓargo ba da shi ake farawa ba. Sai ciwon ya dawo, ko ya ƙi jin kemo, ake tunaninsa. Ana ba yaro magani mai ƙarfi da zai share ɓargonsa, sannan a ɗura masa ƙwayoyin da ke haifar da jini ta jijiya, kamar ƙarin jini. Ko nasa ne da aka ɗiba aka ajiye, ko na ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma damar ya dace kashi 1 cikin 4 ce. Sai makonni a killace, domin ko mura na iya kayar da shi.

Abin da nake ji miki tsoro shi ne katse kemo. Wata baiwar Allah da muka yi jinya gado da gado, da ta ga kumburi ya tafi bayan zagayen kemo na biyu, ta koma ƙauye. Bayan wata uku ta dawo da yaron, cikinsa ya cika tim. Kuɗin da kuke da shi ku tanada na magunguna da gwajin jini da motar zuwa. Ki tambayi likita zagaye nawa za a yi, ki rubuta ranakun. In zazzaɓi ya kama shi tsakanin zagaye, ko tsakar dare ne ku tafi asibiti, kar ki jira gari ya waye.