Amsa: Wane zamanin Archie ya fi daɗin karatu?

Ɗan'uwa, ka tambayi wane zamani za ka fara da shi a Archie, wato littattafan barkwanci masu zane na Amurka game da wani matashi mai suna Archie da abokansa. Fara da shekarun 1960, lokacin da mai zane Dan DeCarlo ya daidaita kamannin Betty da Veronica, 'yan matan labarin, Samm Schwartz kuma yana zana Jughead, abokin Archie. Labaran gajeru ne, shafi biyar ko shida, kuma rabin dariyar a motsin jiki take, ba a magana ba. Na farkon, tun 1941 a hannun mai zane Bob Montana, zanen bai gama nuna ba tukuna. Sabon salon 2015 na marubuci Mark Waid da mai zane Fiona Staples labari ne mai ci gaba, in ka tsallake fitowa ɗaya sai ka ɓata. Ƙananan littattafan da ake sake bugawa kuwa suna cakuɗa zamani daban-daban, kuma an rage girman zanen, rubutun ya ƙanƙance.