Bashin Mahaifinka da Maganar Zinariya

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kun tarar a littafin marigayi cewa amininsa na bin sa naira 3,000 tun 1985, kuma wani ya gaya maka shari'a ba ta san kuɗin takarda ba, sai kun auna zinariyar da kuɗin za su saya a wancan lokacin ku biya da ita. Kana son jin yadda mutanen da suke yi.

To, mutanen da ba su cika riƙe zinariya a hannu ba. A kasuwar Kurmi da wuri ake ciniki, kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce. Zambar ashirin a buhu, shi ne keso ɗaya. Sai babban ciniki, irin na doki ko na fataken Sahara, ake fito da miskalin zinariya ko liyari, azurfar nan mai hoton Mariya Tiresa da 1780 a jikinta. Baturen nan Barth da ya sauka Kano a 1851 ya iske wuri 2,500 ake bayarwa a kan liyari guda. Amma wanda ya ranci wuri, wuri yake mayarwa, ko da kuwa ya yi arha kafin ranar biya. Da sule da fam suka zo aka koma kansu. A 1973 ina saurayi aka kawo naira, fam ɗaya naira biyu, kowa ya juya bashinsa a haka, ban ji an nemi ma'aunin maƙeri ba.

Mai maganar nan bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, ya haɗa abu biyu ne. Dinari da dirhami su ne ma'aunin shari'a. Nisabin zakka dinari 20, wajen giram 85 na zinariya, ko dirhami 200 na azurfa. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu ta Malikiyya rubu'in dinari ne ko dirhami uku. Wannan awo ne. Rance kuwa abin da ka karɓa shi za ka mayar, kuma haka Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Kuwait a 1988. Da zinariya aka damƙa wa mahaifinka, da nauyinta za ku biya ko ta kai nawa. Naira aka ba shi. In iyalan aminin nasa suna son zinariya a madadinta babu laifi, amma da farashin ranar biya, hannu da hannu, kamar yadda aka karantar da Ibn Umar lokacin da yake sayar da raƙuma da dinari yana karɓar dirhami.

Sai dai kada ka kuskura ka naɗe 3,000 a takarda ka kai gidan mutanen nan. Kuɗin nan su suka tayar da shagon da kuka ci kuka yi karatu da shi, yau kuwa da ƙyar su sayi mudun shinkafa. Wasu malamai ma cewa suka yi in faɗuwar kuɗi ta yi muni haka a zauna a yi sulhu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ranci ɗan ƙaramin raƙumi ya biya da babba. Ƙarin da ba a sharɗanta ba tun farko kyauta ce, ba riba ba.

Ku fitar da bashin kafin a taɓa gado. Ka tara ƙannenka ku yanke abin da za ku ɗora a kai da yardar kowa, ban da kason marayun da ba su balaga ba, ni ma zan sa nawa. Ranar Juma'a bayan an sauko ka biyo ta gida da littafin, tare za mu je, don babban ɗan aminin mahaifinka ya san ni.