Hukuncin Abincin da Kiristoci ke Raba wa Masu Kwana a Tasha a Gusau

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mai shayi ne, teburina yana bakin wata tashar mota a nan Gusau. Tun da sanyi ya shigo, duk daren Asabar wasu Kiristoci su biyar ko shida sukan zo da kuloli a Keke Napep, su raba shinkafa da wake da barguna ga mutanen da ke kwana a rumfunan tasha. Yawancin masu kwanan 'yan gudun hijira ne daga ƙauyukan Maru da Tsafe. Akwai tsofaffi, akwai masu taɓin hankali, akwai almajirai. In sun gama rabo sukan yi addu'arsu, wani lokaci su rera waƙar coci. Samarin unguwa sun ce a kore su, wai mishan suke yi. Ni kuma na taɓa ba su ruwan zafi kyauta, har wani ya ce na ɗauki zunubi. Shin abincin nan ya halatta? Taimakon da na yi fa? Kuma a kore su ko a ƙyale su?

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, abincin halal ne, ruwan zafin da ka bayar ba zunubi ba ne, korarsu da ƙarfi kuma bai halatta ba. Sai dai akwai iyakoki, kuma akwai maganar da ta fi waɗannan nauyi wadda ba ka tambaya ba, ni kuwa ba zan iya wuce ta ba.

Batun abinci ba ya bukatar dogon bayani. Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 5: "Abincin waɗanda aka bai wa Littafi halal ne a gare ku, abincinku kuma halal ne a gare su." Risalar Ibn Abi Zaid, wadda muka karanta a zaure tun muna yara, ta faɗa ƙarara cewa babu laifi ga abincin Ahlul Kitabi da yankansu. Annabi (SAW) ya karɓi kyautar Muƙauƙis, shugaban Kiristocin Masar. Ya kuma miƙa hannu ga naman da Bayahudiya ta kawo masa a Khaibara a shekara ta 7 bayan Hijira, abin da ya tsayar da shi gubar da ta zuba ce, ba addininta ba. Abin da aka cire shi ne wanda yake haram a kan kansa, kamar alade da giya da mushe. Imamu Malik ya karhanta abin da suka yanka domin cocinsu ko idinsu, amma bai haramta ba. Shinkafa da wake kuwa ba a yanka su, naman kasuwannin Gusau ma galibi mahautanmu Musulmi ne ke yankawa. Saboda haka tsohon da ya karɓi kwanonsa ya yi bisimilla ya ci.

Samarin da suka ce mishan ake yi, ban ce ƙarya suke ba. Mai yiwuwa ne mutanen nan suna fatan wani ya karɓi addininsu, kamar yadda kai ma in ka ciyar da wanda ba Musulmi ba za ka so Allah ya shiryar da shi. Amma abin da ke zuciyar mai bayarwa ba ya haramta abin da ke cikin kwano. Ka dubi Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha a shekara ta 5 bayan aiko Annabi (SAW). 'Yan gudun hijira ne su ma, ba gida ba gona. Manzon Allah da kansa ya tura su wajen Najjashi, wanda a lokacin Kirista ne, domin sarki ne da ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. Suka zauna a inuwarsa shekara da shekaru. Ranar da aka tambaye su abin da suke faɗa game da Annabi Isa (AS), Ja'afar ɗan Abu Ɗalib bai ɓoye ba, bai kuma yi zagi ba. Ya ce bawan Allah ne, Manzonsa, ruhi daga gare Shi, kalmarsa da ya jefa ga Maryam. Sun karɓi mafaka, aƙidarsu tana hannunsu. Iyakar ke nan har yau.

To, Musulmin da ya karɓi abinci ya ce na gode, ya yi musu fatan alheri. Amma kada ya shiga waƙarsu, kada ya amsa amin ga addu'ar da aka roƙi wanin Allah a cikinta, kada ya maimaita wata kalma da aka ce ya maimaita. In suka fara addu'a ya koma gefe da kwanonsa cikin mutunci. Idan kuwa ta bayyana sun mai da shiga ibadarsu sharaɗin samun abinci, ko suna ɗaukar yara zuwa wani wuri ba da sanin iyayensu ko malamansu ba, wannan maganar ta canza. Almajiri ɗan shekara 8 amana ne, ba shi da wayon rarrabe tsakanin bargo da abin da ke biye da bargon. Ko a nan ɗin ma ba sanda ake ɗauka ba. A samu mai unguwa da limami da shugaban tasha su zauna da su, a faɗa musu abin da ba a yarda da shi ba. In ba su ji ba, a kai ga hukuma. Tsayar da hukunci aikin shugabanni ne, ba na samarin unguwa ba, kuma duk mai shekaru a Arewa ya san irin gobarar da ƙaramar hatsaniyar addini ke haifarwa.

Ina so samarin nan su karanta aya ta 8 a Suratul Mumtahana a tsanake. Allah ya ce ba ya hana mu kyautatawa da yin adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, ba su kuma fitar da mu daga gidajenmu ba. Waɗanda suka fitar da bayin Allah nan daga gidajensu, suka ƙone rumbunansu, suka kore shanunsu, duk Zamfara ta san su, kuma ba su ne masu zuwa da kuloli ba.

Ruwan zafinka kuwa, ciyar da mayunwaci ka taimaka a kai, Allah kuma ya ce a Ma'ida, aya ta 2, mu taimaki juna a kan alheri da taƙawa, kada mu taimaki juna a kan zunubi. Kana iya riƙe musu fitila ko tsara layi. Abin da ba za ka yi ba shi ne raba takardun wa'azinsu ko tara musu jama'a domin addu'a. Zakkarka ma kada ka damƙa musu su raba, domin a Mukhtasar na Khalil an sharɗanta mai tara zakka da mai raba ta kada ya zama wanda ba Musulmi ba.

Yanzu ga abin da ya dame ni tun da na karanta wasiƙarka. Mutum shida, a garin da su ne 'yan tsiraru, su ne suka tuna akwai tsoho a rumfar tasha cikin hunturu. Mu fa? Nan Gusau aka ƙaddamar da Shari'a a watan Oktoban 1999, jama'a suka zo daga ko'ina suna kabbara. Muna da Hukumar Zakka da Waƙafi. Kusan kowane layi da masallacinsa, wasu har da tayil da sola. Amma sahun Asuba na watsewa kowa ya ja mayafinsa ya wuce wanda ya kwana a kan kwali. Wallahi wannan ya fi tayar mini da hankali a kan waƙar da aka rera a tasha.

A Madina ma an yi marasa gida. Ahlus Suffa a rumfar masallacin Annabi (SAW) suke kwana, Abu Huraira yana cikinsu. Manzon Allah bai bar su ga kowa ba. Bukhari ya ruwaito yana cewa wanda ke da abincin mutum biyu ya tafi da na uku, wanda ke da na huɗu ya tafi da na biyar ko na shida. Ibn Hazm a Muhalla ya ce wajibi ne a kan mawadatan kowane gari su tsaya wa matalautansu in zakka ba ta isa ba: abinci, tufafin sanyi da na zafi, da wurin kwanan da zai kare su daga ruwan sama da rana da idon masu wucewa, shugaba kuma ya tilasta musu. Wannan farilla ce ta kifaya. In ba wanda ya yi, duk mai hali a garin yana da kaso a zunubin. Wanda ya kori mai ciyarwa alhali bai kawo madadin kwanon ba, ya haɗa laifi biyu: bai ciyar ba, ya kuma hana.

Saboda haka ka isar wa samarin nan da saƙona. Kiristocin nan daren Asabar kaɗai suke zuwa, saura darare shida babu mai zuwa. Su je wajen limaminku, a rubuta sunayen masu kwana a tashar, a san wanda ke bukatar asibiti da wanda ke da dangi a gari, a nemi malaman almajiran a yi magana da su. Gida goma su ɗauki dare guda, kowane gida kwano biyu. Kai kuma da tukunyarka ba ta sauka daga wuta, ka ɗauki nauyin shayin Asuba, masu shaguna su haɗa maka kuɗin sukari da burodi.

Wallahu a'alam.